Rijiyar Gindin Magarya

Tun makon jiya aka girke wani injin zuƙar ruwa a bayan ofishinmu, inda ake haƙa ramin sabon gini. Daga safe har yamma ba ya hutawa, tuf-tuf-tuf, yana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa yana turawa cikin wani baƙin bututu da ya nufi magudanar titi. Abokan aikina sai mita suke yi wai ya hana su tunani. Ni kuwa tunanin ya jawo min, wanda na daɗe ina kauce masa. Da na ji ƙarar nan sai in ga wata 'yar tsohuwa siririya tsaye a bakin shingen kwano, ta riƙe haɓa, tana leƙen rami. Kakata ke nan, mahaifiyar babana. Bari in ba ka labarinta, mai karatu, ko kai ka gane abin da ni har yau ban gane ba.

A nan Doha na buɗe ido, a wani tsohon gida da muke haya a unguwar Fereej Abdel Aziz. Gida ne na ƙasa, ba bene ba, bangonsa kullum yana zubar da fenti, da tankin ruwa a kan rufi, da wata magarya a kusurwar tsakar gida wadda 'ya'yanta ke zubowa a kan shanyar Umma. Abba injiniya ne a inda ake tace ruwan teku a mayar da shi na sha. Amma asalinsa ɗan tsibiri ne, can cikin Tafkin Chadi, ɗan masunta. Kawunsa ne ya ɗauke shi yana ƙarami ya kai shi birni ya sa shi makaranta. Da kakanmu ya rasu, Abba ya ce ba zai bar mahaifiyarsa ita kaɗai a tsakiyar ruwa ba. Ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka ba ta izinin zama, shi ne ma kafil ɗinta, wato wanda ya tsaya mata a hukumance. Nufinsa ta zo ke nan, a wajensa za ta ƙare sauran kwanakinta. Ni ma nufina ke nan, don sunanta aka sa min, kuma daga ranar da ta sauka ta ce min "takwara" na liƙe mata. Ƙanshin bandar kifi da man shanu take yi, a gadonta nake kwana, a kwanonta nake ci.

Sai dai akwai wani abu. Abba ɗan fari ne, Kaka kuwa mutuniyar da ce, ba ta wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya shigo ya durƙusa gaishe ta, sai ta juya fuska ta amsa wa bango. Abin da ya wuce gaisuwa kuma sai ya bi ta kaina. Yana zaune a ƙofar ɗaki, tana kan tabarma, tsakaninsu bai fi tsawon tabarmar ba, amma sai ta ce, "Takwara, ki ce wa ubanki kaza." Ya ji da kunnensa sarai, amma sai na juya na maimaita, sannan ya ce, "Ki ce mata kaza." Ban kai shekara goma ba a lokacin. Da farko abin dariya yake ba ni, har gishiri nake ƙara wa saƙon. Ban san duk wata magana mai nauyi a gidan ta bakina za ta bi ba.

A tsakiyar zafi ta iso. Washegarin zuwanta ta shiga yin alwalar azahar, ta murɗa famfon sanyi kamar yadda aka koya mata a gidan kawun Abba, sai muka jiyo salati. Ruwan ya ƙona mata hannu. Na ruga na yi mata bayani: tankin yana kan rufi, rana ta dafa shi, don haka in zafi ya zo famfon sanyi shi ne na zafi. Shi kuma na zafin, tunda an kashe hita, ruwan da ya kwana a cikinta a inuwar banɗaki shi ne mai sanyi. In lokacin sanyi ya shigo kuma sai a juya. Ni a wajena wannan ba abin mamaki ba ne, da shi na tashi. Ta dube ni, ta dubi famfon, ta ce, "To wa ke sanar da su ranar da za su juya?"

Ba a yi mako ba ta gano ruwan da ke ɗiga daga bayan esi, na'urar sanyaya ɗaki, yana bin bango. Ta kafa masa roba. Ta ce in tambayi ubana wannan kuma daga ina. Ya ce daga iskar ɗaki, danshin da ke cikinta ne na'urar ke matsewa, har da numfashinmu da guminmu. Ta riƙe baki ta ce, "Ashe gumin namu ma ba a bar mana ba." Amma ba ta zubar ba, da shi take wanke tsakar gida. Ruwan alwalarta ma tarawa take yi. In ta ji na bar famfo yana zuba ina goge haƙori, daga ɗaki za ta ƙwala min kira, kamar jininta ne ke tsiyaya.

Daga nan tambaya ta ɓarke. Ina rafin garin? Babu. Ina tafki? Babu. Rijiyoyi fa? Ni ban taɓa ganin rijiya da idona ba sai a littafi. To na famfon daga ina? Da na ce daga teku, sai ta ce a kai ta ta gani. Wata Juma'a da yamma Abba ya kwashe mu zuwa Corniche, wajen shaƙatawa na bakin teku. Mutane na ta yawo, jiragen katako na lilo a bakin ruwa, ita kuwa ko kallo ba su ishe ta ba. Ta sami wajen da matakala ta gangara, ta tattare zani, ta kamfaci ruwan da hannu ta kai baki. Ta tofar, ta sake tofarwa, ta goge harshe da bakin mayafi. Ta ce in tambayi ubana yadda ake cire wannan masifa. Abba ya yi bayani tiryan-tiryan, da wuta da tururi da matatu, ni kuma ina juyawa ina faɗa mata rabin abin da na kama. Ta ce gishirin fa, ina ake kai shi? Ya ce mayar da shi teku ake yi. Sai ta ce, "Ikon Allah. Gobe kuma a sake ɗebo shi." Abba ya yi dariya ya ce in ce mata teku na da girma. Ita ba ta yi dariyar ba. Ta ce in tambaye shi, ran da wutar ta mutu, ina mutum zai nufa da ƙwaryarsa? Ya ce akwai manyan tankuna cike, akwai injina ba ɗaya ba, akwai mutane irinsa da wannan ne kaɗai aikinsu, kuma tun zuwansa garin famfo bai taɓa ƙafewa ba. Gaskiya ya faɗa. Har yau da nake rubutun nan bai ƙafe ba.

Abin da ya ƙarasa rikita ta shi ne ramukan Mushairib. A lokacin ana rushe tsohuwar unguwar, ana haƙa ramuka masu zurfi da za a dasa gine-ginen da kake gani yanzu. Wata safiya Umma ta tafi da mu sayen yadi ta wannan ɓangaren, sai Kaka ta ji ƙarar inji ta ja ta tsaya. Ta sami kafa a jikin shingen kwano ta leƙa. A ƙasan ramin ruwa ne kwance, yana ɓuɓɓugowa daga jikin dutse, inji na zuƙewa yana turawa waje. Ta tambayi Umma gonar wa ake kai wa. Umma ta ce ba gona, zubarwa ake yi don a samu a yi gini. Kaka ta ƙi tafiya. Umma na cewa, "Iya, rana na yi," wani mai gadi na cewa yalla, yalla, wato mu wuce, ita ko gezau. Da muka shiga gida ta ce da ni, "Takwara, ko dai ni ce na haukace? Suna dafa teku su sha, ga na ƙasa Allah ya ba su suna zubarwa." Da yamma Abba ya ce in ce mata wannan ruwan zartsi ne, ba a iya shansa. Ta ce in ce masa ai kowane ruwan ƙasa da zartsinsa, iya ɗiba ne. Sannan ta ƙara da cewa in ce masa ya fara nema mata hanyar gida.

Na yi kuka, na yi borin da na iya, na ƙi cin abinci. Ban gane ba sam. Ga sanyin esi, ga asibiti, ga nama kullum, ga ni, me kuma aka rasa? Sai wata la'asar tana min kitso a gindin magarya, kaina a kan cinyarta, ta ba ni labarin da ko a bakin Abba ban taɓa ji ba. Ta ce akwai shekarun da tafki ya ja baya ya yi nisa, kifi ya ƙare, suka taso daga tsibiri suka zauna a wani sabon ƙauye a tudu, inda aka yi musu rijiyar burtsatse mai inji. Ruwa tas, ba wahala, mata har guɗa suka yi. Ba wanda ya damu ya haƙa tasa. Ran nan inji ya tsaya, wanda ya san gyaransa yana birni, aka yi ta jira. Da ƙishi ya yi ƙishi aka koma wa wani kududdufi da shanu ke sha. Tana da 'ya mace a lokacin, ƙanwar Abba, ta fara tafiya ke nan. A can aka binne ta. Da tafki ya dawo suka koma tsibiri, Kaka ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara zama a inda ruwanta ke hannun wani ba. Ta faɗi wannan tana ci gaba da kitso. Ni ce na jiƙa mata zani.

Ta kuma faɗa min yadda suke yi a tsibirin. Ruwa ya kewaye su ta ko'ina, amma ba kullum ake shan na tafki ba, don in ya janye bakin gaɓa yakan zama laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Suna da wata 'yar rijiya a cikin yashi, ba ta da zurfi. Ruwan daɗi a sama yake kwanciya, siriri, na kanwa yana ƙarƙashinsa. Wanda ya jefa guga ya dama su, to ya ɓata wa gari ruwa na kwanaki. Saboda haka ba a ɗiba da guga sam, sai da ludayi, a hankali, kamar mai yaɗe mai a kan miya. Mace ɗaya ce kuma, babbar cikinsu, ke riƙe da ludayin tana zuba wa kowa a tulunsa. Shekaru da yawa ita ce mai ludayin. Ta zo da shi ma, yana ƙasan akwatinta naɗe cikin tsumma.

Tana cikin maganar sai ta ɗaga kai ta dubi bishiyar da muke ƙarƙashinta. Ta ce wa ke ba magaryar nan ruwa? Na ce ba kowa. Ta ce tun yaushe? Na ce ni dai ban taɓa gani ba. Ta bar min kitso a rabi, ta tashi tana bin tsakar gida tana buga siminti da dunduniya. Kusa da bango ta sami wajen da ƙarar ta bambanta. Da mai gidan da muke haya ya zo, wani dattijo ɗan ƙasa mai fara'a, aka tambaye shi. Ya yi dariya ya ce ƙwarai akwai rijiya a nan, mahaifinsa ne ya haƙa ta, da ita suke wanki da wanka yana yaro, na sha kuwa daga bayan gari ake kawo musu a kan jaki. Da famfo ya zo aka rufe ta. Ya ce in tsohuwa na so a buɗe, a buɗe, amma shi ko akuyarsa ba zai ba ruwan ba.

Abba da kansa ya fasa murfin, wata Asabar da safe, da guduma da ƙarfe. Ban taɓa ganinsa da aikin ƙarfi ba sai ranar, singileti sharkaf da gumi. Da murfin ya ɗaga wani wari ya taso, na danshi da daɗewa, kyankyasai suka watse. Ruwan bai yi nisa ba, baƙi ƙirin, ina hango kaina a ciki da reshen magarya. Kaka ta ɗaure ludayinta a jikin doguwar sanda, ta zura, ta yaɗo, ta ɗanɗana. Ta yamutsa fuska, amma idonta na ƙyalli. Ta ce zartsi ne, sai dai an daɗe ba a taɓa ta ba, rijiya kuma sai ana ɗiba take farkawa. A bar ta da ita har a yi ruwan sama. In bayan ruwa samanta ya yi daɗi, za ta zauna. In bai yi ba, a mayar da ita inda aka ɗauko ta.

Abba ya ɗebi ruwan a kwalba ya tafi da shi wajen aiki, ya dawo ya ce in ce mata ko ya yi daɗi ba za a sha ba, akwai ƙazantar tsofaffin magudanai a ciki. Ta ce in ce masa ita ba ta ce za ta riƙa sha ba, na famfo za ta sha kamar kowa. So take ta zauna da sanin cewa in komai ya tsaya, akwai inda za ta zura ludayi ta ɗebo, ta tafasa, ta ba jikarta. Ka ji fa, mai karatu. Rijiyar da ba za a sha ba, ita ce za ta yanke ko kakata ta zauna ko ta tafi. Na juya wannan magana a kaina har na gaji, ban gane kanta ba.

Haka muka shiga jira. Zafi ya koma wannan danshin da gilashin taga ke gumi, wanki ya wuni a igiya bai bushe ba. Kullum da safe Kaka ta yaɗe ludayi kaɗan, ta rufe bakin rijiyar da katako, ta ɗora dutse. Ba mai taɓawa sai ita. Ta yi kumatu a watannin nan, har ta fara zuwa shagon bakin layi ita kaɗai, tana nuna abin da take so da yatsa, ta dawo tana cewa khalas in ta gama wani abu, mu yi ta dariya. Ni kuwa sama nake kallo. Ranar da aka fitar da mu filin makaranta sallar roƙon ruwa, yara na ta ture-ture, ni na ɗaga hannu har kafaɗata ta yi ciwo. Ba ruwana da gonaki ko raƙuma, kakata nake roƙo.

A cikin jiran ne na ji Umma da Abba a kicin, Kaka na sallar la'asar. Umma ta rage murya ta ce, "Kai fa injiniya ne. Siririn tiyo kawai za ka bi da shi ta gindin bango, ƙarƙashin siminti, ya riƙa ɗiga mata ruwan famfo a saman na rijiyar. Ita saman kawai take taɓawa. Wa aka cuta?" Umma ta ce tsibirin nan ba asibiti, waya ma sai an hau tudu, tsohuwa ce, in ta faɗi wa zai ɗaga ta? Ya ce, "Uwata ce fa." Ta ce, "Ai shi ya sa." Bai ƙara cewa komai ba, ya fita. Ina laɓe a bayan firij zuciyata na tsalle, don ni na ɗauka shirun nan yarda ce. Daga ranar na riƙa bin gindin bango ina neman alamar sabon siminti. Da ban gani ba sai na ce lallai Abba gwani ne.

Ruwan ya zo a cikin sanyi, rana tsaka, muna makaranta. In ka san garin nan ka san yadda yake in an yi ruwa: tituna su cika, motoci su tsaya, manya da gemunsu su fito suna ɗaukar hoto. Da na dawo na tarar Kaka ta fito da duk wani abu mai baki a gidan, tukwane, bokitai, bahon wankin Umma, har murfin kular abinci, ta jera a tsakar gida. Ita kuma tana tsaye a tsakiyarsu sharkaf, tana yi wa indararo faɗa don yana zubar da nasa a titi. Rijiyar kuwa a rufe ta bar ta. Ta ce ba ruwan da ya faɗa ta bakin rijiyar take so ba, wanda ƙasa ta sha ta tace ta miƙo take jira. A ba ta 'yan kwanaki.

Ranar ɗanɗanawa Juma'a ce, da hantsi, kowa na gida. Umma na ƙofar kicin, Abba na tsaye nesa kaɗan ya harɗe hannu. Kaka ta yi bisimilla, ta zura ludayin a hankali yadda ko motsi ruwan bai yi ba, ta yaɗo. Ta kurɓa, ta riƙe a baki. Na ƙura mata ido. Ta juya ta tofar. Na fizge ludayin na kai bakina kafin Abba ya daka min tsawa. Gishiri ne da ɗaci da wani ƙarni, sai da hawaye ya zo min. Amma na ce, "Kaka, ya ragu! Wallahi ya ragu!" Ta shafa kaina ta ce, "Kar ki rantse, takwara." Na juya na dubi Abba. A lokacin na gane ba tiyo, ba a taɓa sa shi ba.

Kaka ta ce in ce wa ubana ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka. Na faɗa. Abba ya matso, ya durƙusa a kan siminti, ya ce, "Ki ce mata ta zauna." Ba bayanin tanki, ba na inji, wannan kaɗai. Na juya na faɗa. Ta dubi bango. Ta daɗe tana kallon bangon nan, har na fara sa rai. Sannan ta ce, "Ki ce masa ya nema min jirgi." Na ce ba zan faɗa ba. Na ce su faɗa wa juna, ga shi ga ta, ni na gaji! Ba wanda ya tsawata min. Sai Abba ya ce, yana kallon ƙasa, "Ki ce mata na ji."

Kafin zafi ya dawo ta tafi. Shekarun farko, in gaskiya za a faɗa, lafiya lau take. In ta hau tudu aka kira, muryarta garau, tana ba ni labarin amaryar da ta zo rijiya da guga, ita Kaka ta kore ta, da yawan kifin da aka banda. Har na fara cewa ƙila ita ce da gaskiya. Sai masu bindiga suka shiga tsibiran tafkin. Ba sai na faɗa maka ba, ka ji labari. Aka watse cikin kwalekwale, aka ƙarasa da ƙafa. Rijiyarta na can da ruwan daɗinta, ba kowa a garin. Ita kuma ta ƙare a gidan wani ɗan'uwa a birni, cikin cunkoson masu gudun hijira, inda ruwa sai tanka ta kawo a yi layi da jarkoki. Abba ya tashi haiƙan ya sake neman takardunta, wannan karon ba ta ce a'a ba. Takardun ba su fito ba damina ta shigo, amai da gudawa suka ɓarke a unguwar. Kafin jirginsa ya sauka an riga an kai ta makwancinta.

Na riƙe Abba a zuciya shekara da shekaru. Ban taɓa yi masa rashin kunya ba, amma ya sani. Ni a wajena maganar ba ta da wuya: tiyo guda, ɗan siminti, da wataƙila yanzu tana nan tana yi wa 'yata kitso. Wani lokaci kuma fushin ya koma kan Kaka. Haba, wane irin taurin kai ne zai sa mutum ya bar garin da famfo bai taɓa ƙafewa ba, wai don tsoron ƙishi? Sai in tuna yarinyar da aka binne a tudu, fushin ya rasa wajen zama. Garin nan kuwa sai gaba yake yi. An gina manyan ma'ajiyar ruwa a bayan gari, jirgin ƙasa na bi ta ƙarƙashin unguwar da muka je sayen yadi, tsohon gidanmu an yanyanka shi ɗaki-ɗaki an cika da ma'aikata, tsakar gidan ma an rufe ta da kwano. 'Yata ta ɗauka a cikin bango ake yin ruwa. Nakan so in faɗa mata wani abu, sai in rasa me zan ce, ta ji tsoro ko kar ta ji.

Kwanan baya na ɗauko Abba daga asibiti, an yi masa aikin ido. Ya bar aiki yanzu, a wajena yake zaune, ni nake tuƙa shi. Muna tsaye a cunkoson la'asar, ban shirya ba, sai na ji bakina ya ce, "Abba, me ya sa ba ka sa tiyon nan ba?" Bai tambaye ni wane tiyo ba, bai kuma tambayi yadda na sani ba. Ya ce ai ya saya. Washegarin maganarsu da Umma ya saya, ya yi wata da watanni a but ɗin motarsa. Ya ce wata rana Umma ta fita da mu, ya dawo daga aiki da wuri, ya ɗauko, har ya ɗora ƙarfe a gindin bango, guduma a hannu. Sai ya hango ta a ransa, kullum da safe tana durƙusawa a bakin rijiyar tana yi wa Allah godiya a kan abin da shi ya haɗa, hankalinta kwance a kan ƙarya har ta mutu. Ko kuma ta gane tun kurɓar farko, ta yi shiru don kar ta kunyata shi, ta zauna a haka. Bai san wanne ya fi muni ba, sai ya mayar da tiyon mota. Ya ce tun ranar da aka kira shi aka ce ta rasu, kullum sai ya koma gindin bangon nan a ransa, wata rana ya buga gudumar, wata rana ya fasa bugawa.

Sannan ya juyo da idonsa ɗaya, ɗayan a rufe da auduga, ya ce, "Da ke ce, da kin sa?"

Shekara nawa ina riƙe da amsar nan a bakina, a shirye. Na buɗe baki, motar baya ta yi hon, na ja muka tafi. Har muka isa gida ban ce komai ba, shi ma bai sake tambaya ba. Na taimaka masa ya fito, na riƙe masa hannu a matakala. Har yau ban ba shi amsa ba, ga shi kuma yana ta tsufa.